Tulu a Kan Takarda: Nazarin Zanen Fentin Ruwa na Tukwanen Talakawan Amurka

A gidan adana zane-zane na ƙasar Amurka da ke birnin Washington, wanda ake kira National Gallery of Art, akwai zane sama da 18,000 da aka yi tsakanin 1935 da 1942, mafi yawansu da fentin ruwa. Ba zanen shugabanni ba ne, ko na fagen yaƙi, ko na duwatsu da koguna. Mafi yawan abin da ke kan takardun kayan gida ne: kujeru, barguna, fitilu, 'yar tsana, ƙarafan murhu, da tukwane masu ɗimbin yawa. Sunan tarin Index of American Design, ma'ana kundin da ya tattara fasalin kayan da mutanen Amurka suka ƙera da hannu tun zamanin da suke ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka har zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 19. A wannan nazari za mu keɓe kanmu ga tukwanen kaɗai, mu bi tambaya guda: idan mutum ya tsaya gaban zanen tulun da aka taɓa zuba maɗi a cikinsa, me ya kamata ya duba, kuma da wane ma'auni zai ce wannan zane ya yi, wancan bai yi ba? Matsayinmu shi ne, kyawun irin wannan zane yana cikin gaskiyar da ya faɗa a kan yadda aka gina tukunyar da yadda aka more ta, kuma gwanin masu zanen shi ne wanda ya fi iya danne son nuna kansa.

Ma'anar kalmomi

Fentin ruwa garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, aka kwaɓa shi da ƙaro, sannan a narkar da shi da ruwa a shafa a takarda da buroshi. Ƙaron nan shi ne wanda muka sani, wanda ake tsinka a jikin ɗakwara, wanda ake sa wa tawada don ta kama. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi kasuwannin duniya, Chadi da Nijeriya na biye da ita. Aikinsa shi ne riƙe ƙwayoyin launi a jikin takarda bayan ruwa ya bushe. Siffar da ta raba fentin ruwa da fentin mai ita ce, haske yana ratsa shi: yakan shiga ta cikin launin, ya bugi farin takarda, ya dawo wa ido. Saboda haka farin mai zane shi ne takardar kanta, kuma tilas ya fara daga launi mai haske ya gangara zuwa mai duhu, domin wurin da ya riga ya yi duhu da wuya ya koma yadda yake. Yana da ɗan'uwa da ake kira gwash, wanda aka ƙara wa farin gari har ya yi kauri yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Masu zanen kundin sun haɗa da shi a wasu takardu, tare da fensir da alƙalami.

Idan muka ce tukwanen talakawa, muna nufin duk mazubin yumɓu da magini ya gina a ƙaramar masana'antar iyali domin girki da ajiya da ci da sha na mutanen yankinsa. Tangaran mai tsada da attajirai ke sayowa daga Ingila ko Sin ba ya ciki. Kalmar tukunya a nan ta haɗa tulu da randa da kasko da faranti. Akwai kuma kalmomi uku na sana'ar da za su riƙa dawowa. Kunun yumɓu shi ne yumɓun da aka dama da ruwa ya tsinke, ana shafa shi ko a zuba shi a jikin tukunya domin ado. Ruwan sheƙi siririn lulluɓi ne na gilashi wanda ke narkewa a jikin tukunya cikin wuta, ya toshe ƙananan ƙofofin yumɓu, ya bar jikin da santsi da ƙyalli; randunanmu na gida ba su da shi, shi ya sa suke zufa suna sanyaya ruwa. Matoya kuwa ginannen ɗakin wuta ne da ake jera tukwane a ciki a gasa su.

Rarrabewa ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, wato tsakanin zanen ƙawa da zanen shaida. A zanen ƙawa mai zane yakan jera tulu da 'ya'yan itace da ƙyalle a kan tebur, ya zaɓi hasken da ya ga dama, ya ƙara ya rage, domin abin da yake nema shi ne yanayi. Tulun hanya ce kawai. A zanen shaida tulun shi ne maƙasudi. Ana ɗora shi shi kaɗai a kan farin fili, a auna tsawonsa da faɗinsa, a zana shi bisa ma'auni, ba tare da mai zane ya gyara masa ko da ɓaraka ɗaya ba. Zane-zanen kundin na wannan rukuni na biyu ne, kuma wanda ya auna su da ma'aunin rukuni na farko zai ce ba su da rai, ya wuce bai ga komai ba.

Yadda kundin ya samu

Bayan durƙushewar tattalin arziki da ta fara a 1929, miliyoyin Amurkawa sun rasa aiki, cikinsu har da masu zanen tallace-tallace da na littattafai. A 1935 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar samar da ayyukan yi da ake kira WPA, ta ware reshe na masu zane ƙarƙashin jagorancin Holger Cahill. Tunanin kundin ya fito ne daga mata biyu a birnin New York: Romana Javitz, shugabar sashen hotuna a babban ɗakin karatu na birnin, wadda masu zane ke zuwa wurinta neman hotunan tsofaffin kayan Amurka ba ta da isassun da za ta ba su, da Ruth Reeves, mai zana adon yadi. Cahill ya karɓi shawarar domin ta dace da abin da ya daɗe yana yi. Shi ne ya shirya baje kolin fasahar talakawan Amurka a gidan zanen zamani na New York a 1932. Aka ɗauki ɗaruruwan masu zane a jihohi sama da 30, ana biyan su albashin mako, suna shiga gidajen tarihi da gidajen masu tara kayan da, suna zama gaban kaya ɗaya kwana da kwanaki. Kowane zane yana tare da takardar bayani: wanda ya ƙera idan an san shi, shekara, wuri, girma, da mai kayan. Shigar Amurka yaƙin duniya na biyu ta kawo ƙarshen aikin a 1942, kuma a 1943 aka miƙa tarin ga gidan da yake yanzu. Burin buga shi duka domin masu ƙira su riƙa koyi bai cika ba. Sai a 1950 Erwin Christensen ya fitar da zaɓaɓɓu a littafi guda.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a ɗauki hoto da kyamara a huta? Dalili na farko a fili yake: shirin na ba masu zane abinci ne. Amma akwai dalili na fasaha. Hoto mai launi a lokacin sabon abu ne mai tsada, fim ɗin Kodachrome ma a 1935 ya fito, hoton baƙi da fari kuwa yana kashe rabin labarin tukunya, domin ja da kore masu nauyi ɗaya sukan fito toka iri ɗaya. Bayan haka, kyamara tana ɗaukar duk abin da haske ya ba ta a daƙiƙa guda, har da ƙyallin da ya rufe rubutun bakin faranti. Mai zane yakan juya kayan, ya duba shi da safe da yamma, ya fahimci abin da yake gani, sannan ya zaɓi hasken da ba zai ɓoye komai ba. A jihar Massachusetts an koya wa ma'aikatan wata tsattsaurar hanya da Suzanne Chapman ta gidan tarihin Boston ta kawo, wadda ta samo asali daga yadda Joseph Lindon Smith ke kwafar sassaƙen kaburburan Masar. Wannan tsananin kiyayewa shi ne ya zama ma'aunin da ake nema a sauran jihohi.

Son tukunyar talaka a wancan zamani bai tsaya a Amurka ba. A Japan, Yanagi Soetsu da abokansa sun soma kiran a girmama kayan hannun talakawa tun shekarun 1920, kuma abokinsu Bernard Leach shi ne malamin Michael Cardew, wanda ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. A can ne Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta haɗa fasalin randar Gwari da ruwan sheƙi. Iska ɗaya ce ta kaɗa a wurare uku, ko da yake kowane wuri da abin da ta tarar.

Ire-iren tukwanen

Tukwanen da ke cikin kundin sun kasu manyan kashi biyu, kuma wanda bai rarrabe su ba ba zai iya hukunta zanensu ba, domin kowanne da irin wahalar da yake ba mai zane.

Kashi na farko shi ne jan yumɓu. Ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe da ake samu kusan ko'ina, ana gasa ta a zafin da ke kusa da digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, takan fito ja, mara nauyi, mai saurin fashewa. Ruwan sheƙinta na dalma ne, garai yake amma da ɗan rawaya, saboda haka yakan mayar da farin kunun yumɓu ruwan ƙwai, ya ƙara wa ja zurfi. Yana da illa, domin abinci mai tsami yana narkar da dalmar ta shiga cikin mai ci. Waɗanda suka fi shahara da wannan aiki su ne Jamusawan da suka zauna a kudu maso gabashin jihar Pennsylvania. Adonsu iri biyu ne. Na farko, a zuba farin kunun yumɓu a ɗan ƙoƙo mai bututun gashin dinya, a tsiyaya shi a kan faranti cikin layuka masu lanƙwasa. Aikin daƙiƙoƙi ne, kuma irin waɗannan farantan ne ake gasa abinci a ciki kullum. Na biyu shi ne sigirafito, wato a lulluɓe faranti duka da farin kunu, sannan a kankare zane da tsinke har jan da ke ƙasa ya bayyana: furen tulif, tsuntsaye, mahaya dawaki, da rubutun Jamusanci kewaye da baki, a ɗiɗɗiga kore na jan ƙarfe nan da can. Sunayen Georg Hübener, wanda ya sa wa farantansa shekarun 1780 da 1790, da David Spinner da ya rasu a 1811, da Johannes Neesz, sun fito ne daga wannan aiki, kuma Edwin Atlee Barber ne ya fito da su idon duniya da littafinsa na 1903.

Kashi na biyu mun kira shi tukwanen dutse, domin ana gasa su a zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye, har yumɓun ya haɗe ya yi tauri, ruwa ba ya ratsa shi. Yumɓunsu toka-toka ne, ba a samunsa ko'ina. Wanda ya fi suna na South Amboy ne a jihar New Jersey, kuma bayan buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825 jiragen ruwa suka kai shi can cikin ƙasa. Ruwan sheƙinsu na gishiri ne: idan wuta ta kai maƙura sai a watsa gishiri cikin matoya, ya zama tururi, sinadarin sodiyam da ke cikinsa ya haɗu da silikar jikin yumɓu ya zama gilashi mai ƙananan ramuka, wanda magina ke kwatantawa da ɓawon lemo. Launin da ya fi jure wannan wuta shi ne shuɗi na ƙarfen kobal, shi ya sa kusan duk adonsu shuɗi ne: fure, tsuntsu, barewa, ko lambar da ke nuna yawan galan ɗin da mazubin ke ci. Cikinsu akan shafa kunun yumɓun Albany mai launin ƙasa-ƙasa. Iyalan Crolius da Remmey sun kawo sana'ar daga Jamus zuwa Manhattan a ƙarni na 18, iyalin Norton kuma suka kafa masana'antarsu a Bennington ta jihar Vermont a 1793. A cikin waɗannan tukwanen dutse ake ajiye naman da aka gishirce, man shanu, maɗi, binega, da kayan lambun da aka jiƙa don hunturu. Fasalinsu ma yana faɗin shekarunsu: na farkon ƙarni na 19 masu tumbi ne da siririn gindi, na baya kuma miƙaƙƙu ne, masu sauƙin jerawa a matoya da jirgi. Kwalbar gilashi mai murfin murɗawa da John Mason ya yi wa rajista a 1858, da gwangwani, da na'urar sanyi daga baya, su suka ci kasuwarsu.

Inda fenti ya sadu da yumɓu

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan gwaninta take. Abu na farko da za mu lura da shi shi ne, fentin ruwa da ruwan sheƙi suna aiki da haske ta hanya ɗaya. A jikin farantin jan yumɓu haske yana ratsa siririn gilashi, ya bugi yumɓu, ya dawo. A kan takarda yana ratsa siririn fenti, ya bugi fari, ya dawo. Don haka mai zanen da ya san aikinsa ba ya haɗa launin faranti a kwano ya shafa sau ɗaya. Yakan bi sawun magini: ya fara shimfiɗa launin yumɓu, ya jira ya bushe sarai, ya ɗora rawayar dalma a kai, ya sake jira, sannan ya ɗiga kore. Ido yana ganin zurfi domin da gaske akwai hawa-hawa a wurin. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora shafi na biyu kafin na farko ya bushe zai tayar da na ƙasa, launin ya dagule ya zama laka, kuma farantin zai fito kamar an yi masa fenti da buroshi, alhali wuta ce ta ba shi launinsa. Har kayan aikin ma dangi ne. Launukan ƙasa da masu zane ke amfani da su, irin su oka da siyena da amba, ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe, kuma siyenar da aka gasa takan yi ja ne saboda dalilin da ya sa tukunya ke yin ja a wuta. Shuɗin kobal na akwatin fenti, wanda masanin sinadarai na Faransa Thénard ya haɗa a farkon ƙarni na 19, daga ƙarfen da magini ke shafa wa tulunsa yake.

Abu na biyu shi ne ƙyalli, wato farin wurin da haske ya faɗa a jikin mazubi mai santsi. Tunda farin takarda ne, dole mai zane ya san inda zai bar shi tun kafin ya jiƙa buroshi. Siffar ƙyallin tana faɗin irin fatar: a kan sheƙin dalma yana da kaifin baki, a kan sheƙin gishiri yana warwatsewa ya zama ɗaruruwan ƙananan ɗigo, a gindin da ba a shafa wa komai ba kuwa babu shi sam. Idan muka ga tulun gishiri da ƙyalli mai santsi da kaifi, mun san mai zane ya zana abin da yake tsammani, bai zana abin da ke gabansa ba. Mu a ganinmu wannan shi ne gwaji mafi sauri da mai kallo zai iya yi, kuma da wuya ya yaudare shi.

Fatar gishirin kanta aikin haƙuri ce. Ana samunta da ɗigo-ɗigo na bakin buroshi, dubbai, masu ɗan bambancin nauyi, ko da jan buroshi mai ɗan bushewa a kan takarda don launi ya kama tudu ya bar kwari. Wahalar ita ce kada ɗigon su jeru da tsari, domin wuta ba ta raba gishiri daidai: gefen da ya fuskanci wuta yakan sha sheƙi mai kauri, wani lokaci har ya yi launin toyi, gefen da ke fake kuma ya fito da ƙarancinsa. Zane mai gaskiya yakan nuna wannan rashin daidaito, har mai kallo ya iya hasashen ta ina wuta ta zo.

Shuɗin kobal kuma yana da nasa tarkon. Magini ya shafa shi da sauri, da motsi ɗaya na wuyan hannu, domin yana da ɗaruruwan tuluna a gabansa kuma ɗanyen yumɓu yana shanye ruwa nan take, babu damar gyara. Inda kobal ya taru yakan yi duhu kusan baƙi, wani lokaci ya tafasa. Inda ya yi siriri tokar yumɓu takan leƙo. Bakin layin kuma yakan ɗan narke cikin sheƙi. Mai zane kuwa a hankali yake aiki, da ma'auni. An ɗora masa ya kwafi sauri da jinkiri, ya fitar da layin da aka ja cikin daƙiƙa ɗaya ta hanyar aikin awa guda, ba tare da layin ya sandare ba. Hanyar ita ce ya ɗan jiƙa takarda a bakin layin don shuɗin ya malala kaɗan, daidai gwargwado. Idan ruwa ya yi yawa tsuntsun zai narke, idan ya yi kaɗan zai zama kamar an yanko shi an manna. A cikin ma'aikatan New York, sunayen John Tarantino da Yolande Delasser da Charles Caseau suna yawan fitowa a ƙarƙashin tuluna da randunan dutse, kamar yadda na Albert Levone da William Antrim ke fitowa a ƙarƙashin farantan Pennsylvania, kuma wanda ya jera takardunsu zai ga cewa, duk da doka ɗaya da suke bi, hannu ba ya ɓuya gaba ɗaya. A wasu takardu ma an zana adon shuɗin shi kaɗai da girma, aka bar siffar mazubin ƙarama a gefe. Waɗannan sun fi amfani ga mai neman ado, amma sun raba furen da tumbin da aka yi shi dominsa.

Zagayen baki da gindi ba ya buƙatar dogon bayani. Tulun da aka gina a faifai mai juyawa da wuya ya tsaya cak. Bakinsa kan ɗan karkace, hannunsa kan zauna a gefe. Mai zanen da ya miƙe shi ya yi ƙarya, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Hannaye uku

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da hanyar karanta irin wannan zane. A kowace takarda akwai sawun mutum uku. Na farko magini ne, kuma alamunsa su ne zoben yatsu da faifai ya bari a ciki da waje, dannen babban yatsa a gindin hannun tulu, hatimin sunansa da garinsa a kafaɗa, tabon inda wata tukunya ta jingina da wannan a matoya, da wurin da yatsunsa suka riƙe faranti lokacin zuba sheƙi. Na biyu mai amfani ne, galibi mace a ɗakin girki wadda babu takardar da ta ajiye sunanta: ɓallin baki, tsagar da ta yi baƙi da maiƙo, sawun wuƙa a tsakiyar faranti, baƙin murhu a bayansa. Na uku shi ne mai zane, kuma darajarsa tana cikin yadda ya bar biyun farko suka yi magana. Wannan ba ƙaramin horo ba ne ga mutumin da aka koya wa zanen talla, inda aikinsa kullum shi ne ya sa kaya su fi yadda suke kyau. Idan tsaga ta fito a zane a matsayin tsaga, mai zurfi da inuwa, ba layin alƙalami kawai ba, to mai zane ya tsaya ya dubi wurin da kowa ke kawar da kai daga gare shi, kuma wannan tsayawar ce muke yabawa.

Abin da takardar ta ɓoye

Adalci ya wajabta mu faɗi iyakar wannan fasaha. Farin filin da ya ba tukunya martaba shi ne kuma ya cire ta daga inda take rayuwa. Babu ɗakin ajiya mai sanyi, babu murfin katako da dutse a kai, babu hannun da ke ɗaga ta. Nauyi ba ya fitowa a takarda, haka nan ƙarar da tulun dutse ke yi idan an ƙwanƙwasa shi, wadda da ita masu saye ke gane mai tsaga. Zaɓin kayan ma yana da son kai. Farantan sigirafito da ke jan ido galibi kyauta ce ta aure ko ta tunawa, ana jingine su a kanta a kalla, shi ya sa suka tsira. Kaskon da aka ci abinci a ciki kullum ya fashe an zubar tun kafin masu tara kaya su zo. Wanda ya kalli kundin ba tare da wannan sani ba zai ɗauka ɗakin girkin manomin Pennsylvania cike yake da furen tulif.

Akwai giɓi mafi girma. Da gangan aka bar kayan 'yan asalin ƙasar a waje, bisa hujjar cewa masana al'adu suna kula da su, don haka tsohuwar sana'ar tukwane ta mutanen Pueblo ba ta samu gurbin da ya dace da ita ba. Rabon jihohin kudu ma kaɗan ne, alhali a can ne, a yankin Edgefield na jihar South Carolina, bayi baƙar fata suka gina manyan randuna masu sheƙin toka. Ɗaya daga cikinsu, David Drake, ya riƙa rubuta sunansa da shekara da gajerun baitoci a jikin randunansa, a jihar da dokarta ta 1834 ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu. Hoton Amurka da kundin ya bayar ya karkata ga arewa maso gabas da zuriyar Turawa, kuma ya kamata mai kallo ya riƙe wannan a ransa ko yana cikin jin daɗin zanen.

Saura batun yadda ake ganin takardun a yau. Fentin ruwa ba ya jure haske. Launuka da yawa suna koɗewa, takarda kuma tana yin rawaya, shi ya sa gidajen adana zane ke baje irinsa na ɗan lokaci kawai a haske mai rauni, wajen lakas 50 a ma'aunin haske, sannan su mayar da shi akwati. Mafi yawan masu kallo yanzu ta intanet suke ganin kundin, domin gidan ya ɗora hotunansa a shafinsa. Wannan yana da fa'ida, tunda ana iya faɗaɗa hoto har a ƙirga ɗigon buroshi a kafaɗar tulu, abin da ba zai yiwu ta bayan gilashi ba. Amma fuskar waya tana daidaita komai: ƙaramin kofin shan ruwan tuffa da randar gishirta nama duk tsawonsu ɗaya a tafin hannu. Saboda haka, kafin a dubi furen, a nemi lambar da magini ya buga ko ya shafa kusa da baki. Galan ɗaya na Amurka ya kusa lita 4, don haka mazubin da ke ɗauke da lamba 3 yana cin sama da lita 11, mai lamba 6 kuma ya haura lita 22, kuma idan aka cika shi da nama da ruwan gishiri ba a cika matsar da shi daga inda aka ajiye shi ba sai ya ƙare.